Tocilata da Bangon Yaya

Wani kurciya yake so, wani ƙwallo, wani agogo. Ni tocila nake so, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Aikina gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, rabin rayuwata a bayan firjin mutane nake yin ta, can inda gizo-gizo da ɓatattun cokula suke zaune. Wanda bai taɓa neman inda gas yake zurara a wannan duhun ba, ba zai gane dalilin da zai sa magidanci ya cika aljihun tebur da tocila ba. Matata ba ta gane ba. 'Yan layin shagonmu ma haka, shi ya sa suka ajiye sunana gefe suke kirana Mai Tocila.

To amma wannan ta ƙarshen daban take. Na daɗe ina hangen ta a waya kafin in iya sayen ta, ranar da ta iso kuwa sai da na wanke hannu kafin in buɗe kwalin. Ba ta fi tsawon tafin hannuna ba, jikinta ƙarfe ne mai sanyi, ga maganaɗisu a gindinta, in ka manna ta a jikin firji sai ta tsaya da kanta ta bar maka hannu biyu. Da cajar waya ake cika ta. Haskenta kuwa, kai! Irin na hantsi ne, ba farin nan mai shuɗi-shuɗi da ke mai da jar waya ta koma ruwan ƙasa ba. Da ita na gano ɗan kunnen matata a ƙarƙashin gado, da ita na ga ƙayar kifi a maƙogwaron ɗiyarmu. Duk da haka in na fito da ita matata sai ta ce, "An fara." Ita ke nan godiyar da nake samu.

Yayana mai filasta ne, shi yake shafe bango da siminti kafin mai fenti ya zo. Mu biyu Inna ta haifa, kuma da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya kai ni wurin koyon aiki, shi ya tsaya mini a aurena. Har yau da furfura a gemuna Auta yake ce mini. A 'yan shekarun nan aiki ya ja baya a wurinsa, samari sun cika gari, kowa da babur da lambar waya a jikin bango. Sai ga wata likitar haƙori tana gina sabon asibitinta, bene hawa ɗaya. Ta ba shi ƙasa, ta ce in aikin ya yi mata, saman ma nasa ne. Yaya ya ɗora rai a kan saman nan ƙwarai, har ya fara maganar gyara rufin gidansa kafin ruwa ya sauko.

Shi da bakinsa ya ce wa Likita yana da ƙane mai saka na'urar sanyaya ɗaki. Wato alheri ya so yi mini. Ya kira ni wata safiya ya ce in zo in duba inda bututu zai bi, ita ma za ta zo ganin aiki.

Na same su a lungun da ya ratsa tsakanin ɗakunan. Ba a jawo wuta ba tukuna, hasken da ke akwai na ƙofar waje ne kawai, ga warin ɗanyen siminti. Bangon ya yi sumul, toka-toka, gwanin sha'awa. Likita tana tafe tana gyaɗa kai, Yaya yana bayanta da hula a hannu, fuskarsa kamar ta ango. Na gaishe su, na hau bulo na leƙa ramin bututun da tocilata.

"Malam, wannan 'yar abar ce take wannan hasken?" in ji Likita.

Jama'a, me za ku yi in ku ne? Tun da na sayi tocilar nan ba wanda ya taɓa yi mini tambaya a kanta da niyyar jin amsa. Na sauko daga kan bulon, bakina ya buɗe. Na nuna mata ƙaramin haske, na nuna mata matsakaici, na nuna mata maganaɗisun. Ta ce ita ma a aikinta haske ne komai, launin haƙori ba ya fitowa daidai a kowace fitila. Na ce yauwa, ga wadda ta san abu! Sai na ce bari ta ga nisan da take kaiwa. Na ƙure hasken, na kwantar da tocilar a jikin bango, bakinta yana kallon ƙarshen lungun.

Bangon da ya yi sumul ɗazun nan sai ga shi ya zama tudu da kwari. Kowane wurin da katakon shafe siminti ya bi ya fito da inuwarsa, nan ya kumbura, can ya lotsa, tun daga ƙofa har ƙurya, kamar zanin da aka wanke ba a goge ba. Na ɗaga tocilar daga jikin bangon, ya koma sumul. Na mayar, tudun suka dawo. Wallahi har sai da na sake yi sau biyu, don ni abin mamaki ya ba ni.

"Tsaya, bar ta a nan," in ji Likita.

Ta bi bangon a hankali har ƙarshe ta dawo. Na ce, "Likita, ai tocilar ce, ba bangon ba." Ta dube ni ta ce, "Tocilar ce ta haƙa ramukan?"  Ta juya wurin Yaya, ba faɗa ba tsawa, ta ce fitilun da za a saka a lungun nan a jikin bango za su zauna, gefe za su riƙa haskawa, ke nan abin da ta gani yanzu shi marasa lafiya za su riƙa gani kullum. Maganar sama kuma, ta ce a dakata tukuna sai ta yi tunani. Ta yi sallama ta fita.

 Yaya ya saka hularsa, ya ɗauki bokiti ya shige ɗakin ƙurya. Na bi shi ina Yaya, Yaya, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Je ka shago, Auta, kana da aiki."

Da na ba matata labari sai ta ajiye tsintsiya ta riƙe ƙugu.

"Kai da aka kira ka duba rami, me ya kai ka bango?"

"Ita ta tambaya."

"Ta tambaya ka tona wa yayanka asiri?"

"Wane asiri? Bangon lafiyarsa lau! Na gan shi da idona, kamar madubi."

"To ramukan fa?"

"Su ma na gan su."

"To wanne ne gaskiya?"

Nan fa kaina ya ɗaure. Na shiga ɗaki na ja labule, na kwantar da tocilar a jikin bangonmu. Innalillahi! Ashe a cikin gona muke kwana. Namu ya fi na Likita muni nesa ba kusa ba, har da wata doguwar kunya kamar za a shuka gyaɗa. Na gwada falo, haka. Na gwada kicin da banɗaki, haka. Na ƙwala wa matata kira na ce zo ki gani, ta leƙo ta ce ita shekara da shekaru tana zaune lafiya da bangonta, kada in ɓata mata shi.

Daga ranar na zama abin kallo. Duk gidan da aka kira ni gyaran firji, kafin in tafi sai na faki ido na manna tocila a bango. Shagon mai aski, shagon tela, ɗakin jira na makarantar yara, har wani katafaren ofishi mai ƙofar gilashi inda mai gadi ya biyo ni yana tambayar abin da nake nema a jikin ginin mutane. Ko ɗaya bai tsira ba. Raina ya yi fari tas. Na ce ashe haka kowane bango yake a duniya, ido ne kawai ba ya gani, Yaya ba shi da laifin komai.

Shi kuwa ya daina ɗaukar wayata. Da na gaji na je wurin ginin da rana tsaka, na tarar da shi shi kaɗai a lungun, zaune a kan kifaffen bokiti, yana kallon bangon.

"Yaya, albishirinka. Duk bangon garin nan haka yake."

"Wa ya ce maka?"

"Na gwada. Har na masu kuɗi."

"Nasu ne haka." Ya shafa bangon da tafin hannu. "Zan kankare in sake."

"Haba Yaya, ka kankare me? Aikin da ka sha wahala a kansa? Ko ka sake, tocilar nan sai ta samo wani abu, haka take, ba ta da kunya. Ka bar ni da Likita."

Ya dube ni ya ce, "Auta, don Allah ka bar maganar nan haka." Ni kuma na ɗauka kara ce irin tasa, ba ya son ya wahalar da ni.

Na sami Likita a tsohon asibitinta, na jira har ta sallami wani yaro da ya fito riƙe da kunci. Na zayyana mata duk binciken da na yi, har da mai gadin. Ta yi dariya, ta ce ita ba ta da wani abu da yayana, mutumin kirki ne, ba ya saɓa lokaci, amma gini ba a yin sa sau biyu.

"Bangon da ka gwada, ka san waɗanda suka yi su?" in ji ta. "Wataƙila duk aikin gaggawa ne. Nuna mini bango ɗaya wanda kowa ya yarda aikin gwani ne. In shi ma ya yi tudu da kwari a tocilarka, na janye maganata, ya hau sama ya fara."

Kafin ta rufe baki na san bangon. Ɗakin Inna. Yaya ne ya shafe shi tun yana saurayi, lokacin da aka sake ginin gidanmu, kuma har yau in magina suka shigo gaishe ta sai sun kai hannu sun taɓa. Ban gaya wa Likita aikin wane ne ba, don na san abin da za ta ce, hannu ɗaya ne, dole aibin ya zama ɗaya. Na ce mata kawai akwai wani bango da duk masu sana'ar suke sara wa. Gwadawa kuma ban yi ba. In gwada me? Na haska bangon da ban san iyakarsu ba, duk sun ba da kai, wannan ne zai gagara?

Da kyar na shawo kan Yaya ya zo, sai da na haɗa shi da girman Inna. Inna kuwa cewa na yi mata baƙuwa za ta zo ganin ɗakinta. Ta ce ɗakinta kuma, me aka ajiye a ciki? Amma ta sa aka share, ta canza zanin gado, ta zauna a kujerarta da carbi tana jira.

Likita ta zo bayan la'asar. Aka gaisa, Inna ta yi mata tayin ruwa, ta kuma kawo ƙarar haƙorinta na ƙasa tun kafin baƙuwar ta zauna. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda aka kawo shaida. Na sauke kalandar da ke rataye, na matsar da akwati, na rufe taga na ja labule. Inna ta ce, "Auta, lafiya? Rana ba ta faɗi ba za ka sa mu a duhu?" Na ce yanzun nan za ki gani, Inna. Na ƙure hasken, na kwantar da tocilar a jikin bangon, har ina murmushi.

Hasken ya tafi santal daga wannan kusurwa zuwa waccan, bai ci karo da komai ba. Babu tudu, babu kwari, ko inuwa ɗaya babu sai ta ƙusar kalanda, wadda ta miƙe doguwa ita kaɗai.

Na ce to, kusurwar ce ba daidai ba. Na koma ɗaya gefen. Haka. Na durƙusa na haska daga ƙasa zuwa sama, na taka akwatin Inna na haska daga sama zuwa ƙasa, tana ce mini sauka kar ka fasa mini murfi. Na rage hasken, na ƙara. Na duba caji, a cike yake. Na goge gilashin da bakin rigata. Tocilar ta ɗau zafi a hannuna, ni ban san ko ita ce ta lalace ba ko ni ne. Na gwada bango na biyu, na uku, har bayan ƙofa inda ba mai dubawa. Ko'ina kamar faranti.

"Ikon Allah," in ji Likita. Ta matso ta ɗora tafin hannunta, ta kwantar da kai tana bin hasken da ido. "Ashe ana iya yi. Malam, ka ga abin da nake nufi ke nan. Wa ya yi wannan? Yana raye? A nemo mini shi, shi nake so ya yi mini saman."

 Inna ce ta yi dariya, irin ta uwar da aka yabi ɗanta a gabanta.

"A nemo shi a ina, 'yar nan? Ga shi nan tsaye a bakin ƙofa. Babban ɗana ne ya yi, ko gemu bai fara ba a lokacin."

Likita ta waiwaya ta dubi Yaya, ta dubi bangon, ta sake dubansa. Na ga kunya ta kama ta, ta ce, "Malam, ban sani ba." Ni kuwa sai wani farin ciki ya taso mini a karkace, na ce ai shi ke nan, magana ta ƙare, ta ce wanda ya yi wannan take so, ga shi kuwa. 

Yaya ya tako cikin ɗakin ya miƙo mini hannu. Tun da na fara tara tocila bai taɓa neman ya riƙe ko ɗaya ba. Na ba shi. Ya kwantar da ita a jikin bangon yadda ya ga ina yi, ya tsaya yana kallon aikinsa.

Sai hasken ya fara rawa. Inuwar ƙusar tana kaɗawa sama da ƙasa, sama da ƙasa, ba ta tsayawa. Na ce ba ta taɓa yin haka ba, wataƙila zafi ne ya yi mata yawa, ko murfin batirin ne ya kwance. Na karɓe ta na murɗa gindin na matse, na ɗora a bango. Tsit, ko motsi babu. Na ce yauwa, ta gyaru, na mayar masa. Yana riƙewa rawar ta dawo. Na sake miƙa hannu zan karɓa, ina cewa lallai sai na mayar wa masu ita, abu da tsadarsa.

Bai sake ta ba. Ya sa ɗaya hannun ya riƙe wuyan hannunsa na dama, ya danne shi da ƙarfi a jikin bangon. Rawar ta ragu, amma ba ta daina ba.

"Ba ita ba ce, Auta," in ji shi.

Ashe hannunsa ne ke rawa. Tausayinsa ya kama ni, na tsaya da hannu a miƙe kamar wawa.

Ya ɗan jima yana kallon bangon, sannan ya ba ni tocilar, ya je da kansa ya buɗe labule da taga. Ya gyara hularsa ya fuskanci Likita.

"Likita, ki ba wani saman. Na ƙasan kuma kada ki bari a yi fenti, zan turo wanda zai gyara miki."

"Malam, mu zauna mu yi magana tukuna."

"Ba komai. Wanda ya yi wannan ɗakin kike nema, ni ma da zan same shi da na kawo miki."

Ya durƙusa ya yi wa Inna sallama ya fita. Inna ta bi shi da kallo, ta dube ni, ta dubi baƙuwar.

"Wai me ya faru ne? Ba yabon aikinsa aka yi ba?"

Likita ta sunkuyar da kai tana neman makullin mota a jaka. Ni Inna take kallo, tana jira.